Zana Sana'arki a Ƙasa Kafin Ki Karɓi Rance

'Yan uwana mata, kafin a buɗe akwati a ba mace rance, ya kamata ƙungiya ta ga yadda sana'arta take tafiya tun daga sari har kuɗi su dawo hannu. A zaman da nake yi da mata a unguwar Zaitawa, cikin birnin Kano, zane iri uku muke gwadawa. Ba sai mai karatu ba: ƙasa, tsinke da tsakuwa sun isa. Mu ɗauki man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Na farko shi ne jerin matakai. A sayo gyaɗa, a tsince, a soya, a murje, a kai inji, a matse mai, a mulmula tunkuza a toya. Kowane aiki da'ira guda, da kibiya zuwa na gaba. Tsohuwar dabara ce, tun 1921 wani Ba'amurke da matarsa, Frank da Lillian Gilbreth, suka gabatar da irinta don masana'antu. Tana da amfani ga mai koyo, amma wadda ta shekara goma tana ƙuli ba abin da za ta ƙaru da shi.

Na biyu ni dai shi na fi so. Ki ja layuka kamar kunyoyin gona: kunyarki, ta ɗan aike, ta mai inji, ta mai shagon da kike ba wa sari. Kowane aiki ki ajiye shi a kunyar mai yin sa. Duk inda kaya ko kuɗi suka tsallaka daga wannan kunya zuwa waccan, ki sa tsakuwa. To, ƙirga tsakuwoyin. Mata da yawa a cikin gari ba su suke zuwa Kasuwar Rimi da ƙafarsu ba, aike suke yi, don haka tsakuwarsu kan yi yawa. Nan ake gano inda riba take zurarewa: mudun da bai cika ba, canjin da bai dawo ba, gyaɗar da ta kwana a inji don an ɗauke wuta, kwalbar da mai shago ya ce "sai na sayar". Wannan zane ba na zargin kowa ba ne, kada ya zama abin faɗa a gida. Tambayar kawai ita ce: wace tsakuwa za a iya cirewa? Wataƙila mata huɗu su haɗa aike guda.

Sai dai kunyoyi ba sa faɗin rana. Shi ya sa akwai na uku, bin sawun kuɗi. Ki jera ramuka bakwai, Asabar zuwa Juma'a, ki ce kowane ƙwayar wake naira 500 ce. Ranar da kuɗi suka fita ki kwashe, ranar da suka shigo ki zuba. Tsarin asusu irin namu, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, zubi ne na mako-mako. Idan ranar zubi ta faɗo a ramin da ba wake, ko sana'ar na da riba za ki ji kunya gaban mata.

Ku da kuke karkara, inda kasuwa ke ci sau ɗaya a mako kuma inji na nesa, ku fara da na uku, sannan na biyu. In an gama, magatakarda ta kwafe zanen a littafin ƙungiya, ta sa kwanan wata, a sake dubawa ranar da za a biya rancen.