Katangar tare ƙasa ta tsage: laifin mai gida ne ko na mai duba gini?

A Ibadan da Abeokuta gidaje da yawa a kan gangare suke, katangar tare ƙasa ce ke riƙe da su. Da damina ta kankama sai rigima ta tashi: mai gida ya ce injiniyan da ya biya kafin saye ya ɓoye masa aibi, injiniya ya ce ranar da ya duba lafiya lau take.

Yawanci ruwa ne sanadi. Ƙasa in ta jiƙe nauyinta ƙaruwa yake yi. Idan babu ramukan fitar ruwa a gindin katangar, ko sun toshe, ruwan zai taru ya riƙa tura ta har ta karkata ko ta yi ciki. Da rani tsagar kan ɓuya a bayan sabon filasta.

Ni a kara na tashi, kuma mun san ba a biyan kuɗin sa sai an duba haƙori da ƙafa gaban shaidu. Gida ma haka ne. Ku nemi injiniya mai rajistar COREN, ku sa katangar cikin yarjejeniya, ya ba ku rahoto a rubuce da hotuna masu kwanan wata. In bai rubuta ba, maganarku ce da tasa, ko gaban Sarkin Hausawa ko a kotu.

Kafin a gama shari'a, katangar da ta karkata a hana yara wasa a gindinta. Rai ya fi kuɗin gyara.