Guzuri da Murhun Daji: Jan Kunne ga Masu Kwana a Bayan Gari

Daga ƙarshen kaka har zuwa faɗuwar damina, samarin cikin birnin Kano ba sa rasa dalilin fita bayan ganuwa su kwana. Ga 'yan agaji da 'yan sikawut masu zuwa sansanin horo, ga ɗalibai da malamansu ke kaiwa madatsar ruwa ta Tiga ko duwatsun Rurum da ke ƙasar Rano, ga 'yan farauta da karnukansu, ga kuma gardawa masu keɓewa a kiskadi domin tilawa. Dukkansu za su sauka ne inda babu famfo, babu kemis, babu inna ko yaya da za ta miƙo kwano. Yaron da ya tashi a Yakasai ko Mandawari, wanda hura wutarsa ba ta wuce ta babbakar kan rago ranar layya ba, shi ne za a wayi gari ya zama kukun mutum talatin. Iyaye kan yi ta fargabar ɓarayi da macizai, kuma da gaskiyarsu. Amma abin da ya fi saurin kwantar da masu irin wannan tafiya a cikin kayansu yake, su suka ɗauko shi da hannunsu: kular abinci, jarkar ruwa da buhun gawayi.

Garin nan ba baƙon kwanan daji ba ne. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sun yi zamani suna tashi daga ƙasar Kano zuwa Gonja, har kasuwar Salaga da ke Gana ta yau, tafiyar watanni a ƙafa da jakuna ƙarƙashin madugu. Alhassan Ɗantata ma da fataucin goro ya fara kafin ya zauna a Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Haka alhazan da suka bi ta Chadi da Sudan zuwa Makka a ƙasa. Mutanen nan ba su san firji ba, amma sun riƙe ƙa'ida guda: a ɗauki abinci a bushe, a dafa shi a zango, a cinye shi da zafinsa. Gero da gari, kuka da daddawa, barkono da gishiri da kanwa, busasshen nama. Abin da babu danshi a jikinsa ba ya saurin lalacewa.

Mu kuwa mun juya abin. A dafa shinkafa dafa-duka tun dare, a danna ta a kula, a cusa a bayan mota kusa da zafin inji, ba za a buɗe ba sai bayan la'asar. Masana lafiyar abinci sun nuna cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye cikin wannan yanayi ba. To, zafin Kano a watan Afrilu kan kai digiri 40, kular da ta fara hucewa kuwa ta zama ɗakin renon cuta. Shinkafa ma tata matsalar ta daban ce. Akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta, idan shinkafar ta huce sai ta farfaɗo ta zuba dafi, kuma ɗumame ba ya karya wannan dafin. Shi ya sa za ka ji an ce, "Ai mun ɗumama ta sosai," amma kafin asuba rabin sansani na layin bayan gida. Alala, awara, dafaffen ƙwai, taliya, salak mai kirim, kunun aya da damammiyar fura duk hukuncinsu ɗaya. In har za a fita da su daga gida, a cinye su a tsayawar farko.

To me za a ɗauka? Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a shiga Kurmi da kasuwar Rimi tun da sauran kwana. Mu Kanawa ma mun yi sa'a, domin abincinmu da yawa kamar don matafiyi aka ƙirƙire shi. Gurasar Jakara za ta kai gobe lafiya lau, in aka ɗora ta a kan garwashi ta ɗan gasu, aka yayyafa ruwa, aka barbaɗa garin ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa, an sami bandashe a tsakiyar daji. Garin ɗanwake a haɗa shi tun a gida da kukarsa, a ƙulle kanwa daban. Ba ya buƙatar komai sai tafasasshen ruwa da mai da yaji, cikin rabin awa an ci, kuma duk wanda ya ci ɗanwake da hantsi ya san ba zai nemi wani abu ba sai yamma. A ganina babu abincin da ya kai shi dacewa da sansani. Tuwo da miyar kuka ma ba wuya: garin masara ko na dawa, kuka, daddawa, busasshen kifi, shi ke nan. Garau-garau yana da farin jini wajen samari, sai dai wake akwai cin itace, don haka a jiƙa shi tun da wuri, a kuma wanke shi sosai saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa a wajen ajiya.

Karin kumallo kuwa, kunun tsamiya na garin gero ya fi komai sauƙi a sanyin asuba, ko shayi da ragowar gurasa. Dankalin Hausa a binne shi a rushi tun ana hira, kafin a tashi ya nuna. Ranar da ba a son hura wuta sam, a kwaɗa garin rogo da ƙuli da tumatir da albasa. A aljihu kuma a riƙe dabino, aya, gyaɗa da dakuwa. Kilishi da dambun nama suna daɗewa matuƙar ba su sha danshi ba, amma in aka ƙulle su a leda suka yi gumi, fumfuna ce za ta biyo baya. Ƙuli ko gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta ɗau ɗaci a zubar, kada a ce asara, domin gubar da ke cikinta hanta take ci a hankali.

Masu son haɗa lemo ko zoɓo a bokiti su tuna da abin da ya faru a nan Kano a watan Maris na 2021, lokacin da garin lemo da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami suka kwantar da ɗaruruwan mutane, wasu suna fitsarin jini. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta ce mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta a asibiti. Duk garin da aka ƙulla a leda babu suna, babu kwanan wata, babu lambar NAFDAC, a bar shi a kasuwa. Tsamiya da lemon tsami na nan, kuma ba su taɓa yi wa kowa haka ba.

Sai ruwa. Ganin ruwan dam ko na rafi garai-garai ba shaida ba ce. A shekarar 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,000, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe cuta. A tace ruwa da ƙyalle mai tsabta, a tafasa shi har ya yi minti guda cur yana ɓararraka, ko a sa masa maganin tsabtace ruwa irin su WaterGuard bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar. Da wannan ruwan za a dama fura, a wanke tumatir, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa tukunya. Wurin kewayawa a yi shi nesa da murhu da bakin ruwa, a haƙa rami, a riƙa rufewa da ƙasa. Kuma kada a tura yara su shiga ruwan dam ko na hanyar ban-ruwa har gwiwa don wanke-wanke. A irin wannan kwantaccen ruwa ake kwasar tsargiya, ta fata take shiga, ba sai an sha ba. A ɗebo a bokiti a wanke a tudu.

Hura wuta a hunturu abu ne da ke son natsuwa. Ciyawa ta bushe ƙamas, iska na kaɗawa, manomi ya jibge damman dawa da harawarsa a gona, makiyayi kuma da ɗan abin da ya rage a saura yake lallaɓa shanunsa har damina. Tartsatsi guda ya isa ya cinye wahalar shekara, ya kuma haddasa rigimar da baƙon da ya jawo ta ba zai tsaya ya gani ba. A share fili kamar taku uku ta kowane ɓangare har sai an ga ƙasa, a ɗan haƙa rami, a kafa duwatsu uku, a bar bakin murhu ya juya wa iska baya. Kada a ɗauko duwatsun daga cikin rafi, domin ruwan da suka sha kan sa su fashe in sun ji wuta. A ajiye bokitin ruwa ko tulin yashi kusa. Girki da garwashi ake yi, harshen wuta baƙanta tukunya kawai yake yi ya ƙona gindin tuwo.

Wajen itace, a tsinci busasshe wanda ya faɗi, a bar sare ɗanye, dajin namu ya riga ya sha gatari. Kafin a sa hannu a tarin ƙirare ko a ɗaga dutse, a fara bugawa da sanda, nan ne maɓoyar kunama da kububuwa. Fetur ba abin hura wuta ba ne, ya sha ƙona fuskokin masu gaggawa. Leda da roba da tsohon takalmi da wasu ke kunnawa don wuta ta kama, hayaƙinsu guba ne, kuma yana bin nama da gurasa. Tsinken gashi kada a yanko shi daga tumfafiya ko tinya ko bini-da-zugu, ƙaronsu na da dafi, na tumfafiya ma in ya shiga ido sai an yi da gaske. Rogon da ba a san irinsa ba kada a tono a gasa, akwai mai ɗaci da ke kisa in ba a jiƙa shi an sarrafa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan harka shi ne gawayi a cikin tanti. Dare ya raba, muku-mukun sanyi ya sauko, sai wani mai tausayi ya jawo kurfoti ko kaskon wuta ciki, a toshe ƙofa da bargo. Garwashi na fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta tashi mai barci. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Wanda ke farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, wanda ya yi barci kuwa mai yiwuwa ba zai tashi ba. Rashin ganin hayaƙi ba ya nufin babu ita, garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi ma yana fitar da ita. Haka risho da janareta a ɗaki ko a mota rufaffiya. Idan aka ga mutum biyu ko uku a tanti ɗaya suna kukan kai lokaci guda, a fitar da kowa fili nan take, a nemi asibiti. Addininmu ma ya yi umarni da a kashe wuta kafin a kwanta. Maganin sanyi shi ne bargo da rigar sanyi da kwali ko kara a ƙarƙashin tabarma. Kashe wuta kuma a yi shi da ruwa, a motsa tokar, a sake zubawa, har sai an iya ɗora hannu a kai.

'Yan uwa mafarauta, naman da aka samu a yanka shi, a feɗe, a dafa ko a gasa har cikinsa ya daina ja. Dabbar da aka tarar ta mutu ko tana layi ba ta ciwuwa, haka kifin da aka gani yana yawo a saman ruwa, don akwai masu zuba maganin ƙwari irin su gamalin su kwashe kifi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi, kuma a rani ya fi tashi. A farkon 2020 ya ɓarke a Kano har ya yi ajalin likitoci. Saboda haka a rufe gari da shinkafa a mazubi mai murfi, kada a bar kwanuka su kwana ba wanki, a kuma daina cinna wa daji wuta don korar gafiya, domin ɓerayen da suka tsere gidajen mutane suke nufa.

In tsautsayi ya gitta, wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja. Mai gudawa a haɗa masa lita guda ta ruwan da aka tafasa ya huce da cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, ya riƙa kurɓa ana kan hanyar asibiti. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau, a hana wanda aka sara tafiya da ƙafarsa a ɗauke shi zuwa inda ake da allurar dafi.

Malamai da kwamandojin agaji da shugabannin farauta, kafin ku yada zango ku gaisa da mai unguwa ko dagacin wurin, shi ya san rijiyar da ake sha da gonar da ba a so a kusanta. Wurare irin su dajin Falgore kuma kada a shiga sai an ji ta bakin jami'an tsaro. Iyaye, kafin ku ce wa yaro Allah ya kiyaye hanya, ku tambayi mai tafiya da su: wa zai dafa, daga ina za a sha ruwa, wane asibiti ne mafi kusa, kuma akwai motar da za ta kwana a wurin? In ya kasa amsawa, ku riƙe ɗanku a gida har sai ya amsa.