Daga Farm Centre zuwa Gwanzu: Abin da ya kamata a sani kafin tafiyar mako guda ƙasar Sin

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke ƙaramar hukumar Tarauni, da shagunan da suka jeru a Gyadi-Gyadi da Court Road, da wuya mutum ya ɗauki caja ko gilashin waya bai ga sunan ƙasar Sin a jiki ba. Akasarin kayan daga lardin Guangdong suke fitowa, kuma babban birnin lardin shi ne Guangzhou, wanda 'yan kasuwar Kano ke kira Gwanzu. Matashin da jarinsa ya fara ƙarfi yakan yi burin zuwa da ƙafarsa ya saro kaya ba tare da dillali ba. Sai dai tafiyar mako guda ba ta yafe kuskure, domin kowace rana kuɗin otal ce, kuma kwanakin biza ƙidayayyu ne. Mafi yawan abin da zai sa a dawo da riba ko da asara, tun a Kano ake yanke shi.

Wane irin gari ne?

Ƙidayar 2020 ta nuna mutum sama da miliyan 18 ne ke zaune a Gwanzu. Tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da fatake Larabawa da Farisawa suka sani fiye da shekara dubu. Kasuwanninsa a rarrabe suke, kowane kaya da unguwarsa: yadi a Zhongda, tufafin sari a Baima kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wayoyin hannu na biyu a Dashatou. Tayil da kujeru kuwa sai maƙwabcin birnin, wato Foshan. Mai neman kayan gyaran waya zai so ya leƙa Huaqiangbei a birnin Shenzhen, inda hedikwatar Transsion take, kamfanin da ke ƙera Tecno da Infinix da itel. Jirgin ƙasa mai gudu yakan kai mutum can cikin kimanin rabin sa'a daga tashar kudancin Gwanzu.

'Yan Afirka sun fi taruwa a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli. A nan ake samun tafinta da kamfanonin dakon kaya zuwa Legas da Kano, da gidajen abincin halal.

Yaushe ya dace a tafi?

Lokuta biyu ne ya kamata a kauce wa. Na farko shi ne sabuwar shekarar Sinawa, da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa na makonni, ma'aikata su tafi garuruwansu. Na biyu shi ne hutun ƙasa na makon farko na Oktoba.

Baje kolin Kanton, wanda ake yi tun 1957, yana ci sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da kuma daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, a zauren Pazhou. Zango uku ne, kowanne kwana biyar. Kayan lantarki da injuna a zangon farko suke, tufafi da takalma a na uku. Baje kolin wuri ne na haɗuwa da masu masana'anta ido da ido, amma galibinsu manyan oda suke nema, kuma kuɗin otal kan yi tashin gwauron zabo a makonnin. Mai ƙaramin jari da ke son katan goma ko ashirin zai fi samun sauƙi a kasuwannin sari, a lokacin da gari ya lafa.

Takardun da ake bukata

Fasfo ne farko, kuma dole ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Mazauna Tarauni suna da ofishin fasfo na hukumar shige da fice a nan Farm Centre. Biza kuwa ba a bayar da ita a Kano. Ofishin jakadancin Sin yana Abuja, ƙaramin ofishinsa yana Legas, kuma mai nema zai iya bukatar zuwa da kansa. Bizar kasuwanci, mai alamar M, tana bukatar takardar gayyata daga kamfani ko daga baje kolin. A nan ne wasu ke faɗawa hannun 'yan damfara masu sayar da gayyatar bogi. Duk abin da aka cike a fom da sunanka, kai za ka amsa tambaya a kansa, don haka ka karanta shi kafin a miƙa. Haka kuma ana bukatar katin shaidar allurar riga-kafin zazzaɓin shawara.

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ana bi ne ta Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha kafin a sauka filin Baiyun. Da jiran canjin jirgi, zuwa kan cinye kusan kwana guda, haka ma dawowa. Agogon Sin yana gaban na Najeriya da sa'a bakwai. Ashe mako guda a takarda, kwana biyar ne na aiki.

Dokokin da ba a yi musu wasa

Doka ta wajabta wa baƙo yin rajistar masaukinsa cikin sa'a 24. Otal kan yi wa baƙonsa, amma wanda ya sauka a gidan aboki sai ya je ofishin 'yan sanda na unguwar. A 2024 hukumomin Sin sun umarci otal-otal su daina mayar da baƙi 'yan ƙasar waje da hujjar rashin lasisi. Duk da haka, ya fi kyau a tabbatar da masauki a rubuce tun kafin a tashi.

Dokar shige da fice da ta fara aiki a Yulin 2013 ta tanadi tarar yuan 500 kan kowace rana da mutum ya ƙara bayan ƙarewar izininsa, har zuwa yuan 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. Adadin kwanakin zama yana rubuce a jikin bizar. 'Yan sanda kan binciki fasfo a unguwannin baƙi, don haka kada ya rabu da aljihunka.

Safarar miyagun ƙwayoyi na iya kaiwa ga hukuncin kisa a Sin. Kanawa ba su manta da ɗalibar da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, bayan an liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, har sai a 2019 gaskiya ta yi halinta. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba, kuma ka ƙirga takardun shaidar jakunkunanka kafin ka bar wurin awo.

Kuɗi da waya

Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a Yunin 2023, lissafin da aka yi yau kan iya rushewa kafin kaya su iso. Wanda zai fita da abin da ya haura dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastan na Najeriya, a Sin kuwa iyakar dala 5,000 ce. A can, mai shayi da direban tasi duk da waya ake biyan su, ta manhajar Alipay ko WeChat. Tun 2023 manhajojin biyu suna karɓar katin bankin ƙasashen waje, amma ka tambayi bankinka ko katinka zai yi aiki, ka kuma riƙe 'yan yuan a hannu.

WhatsApp da Facebook da YouTube da Google duk a toshe suke a intanet ɗin ƙasar. Ka sauke WeChat da manhajar fassara da taswirar Amap da Didi ta kiran mota tun kana gida, ka kuma koya wa iyali yadda za su same ka. Ka ajiye adireshin otal da rubutun Sinanci, domin direbobi kaɗan ne ke karanta boko. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1997, ya fi arha kuma ya haɗa kusan dukkan kasuwannin.

Yadda za a raba kwana biyar

Ranar farko ta hutu ce da ganawa da kamfanin dakon kaya, don a san kuɗin kilo ta jirgin sama da na kwantena ta ruwa, da kayan da ba ya ɗauka, musamman batura. Rana ta biyu da ta uku na zagaye ne, a tambayi farashi a shago biyar kafin a zaro ko sisi, tun da matambayi ba ya ɓata. Ta huɗu a ba Shenzhen ko wata masana'anta. Ta biyar a je sito a buɗe katan-katan, a gwada su da samfurin da aka amince da shi. Kafin alƙalami kawai ake bayarwa da farko, cikon sai an ga kaya, kuma kowace yarjejeniya a rubuta ta da hatimin kamfani. Tafinta kan karɓi la'ada daga mai shago, don haka a yanke ladansa tun farko.

Idan Juma'a ta riske ka, akwai masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar, da na Xianxian. Musulmin Sin na danganta su da sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihi sun tafi a kan cewa a Madina aka binne shi. Kalmar qingzhen a ƙofar gidan abinci tana nufin halal.

Wa zai tsaya maka?

Najeriya tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Gwanzu, kuma ya dace lambarsa ta kasance a wayar kowane matafiyi. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a birnin, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gayyaci jakadan Sin, Zhou Pingjian, don ya yi bayani. Abin da ya faru ya nuna cewa mai cikakkun takardu ma yana bukatar gwamnatin da za ta yi magana a madadinsa.

Dangantakar ƙasashen biyu ta faro ne a Fabrairun 1971. Cinikinsu ya haura dala biliyan 20 a 2023, kuma kaso mafi tsoka kayan Sin ne ke shigowa Najeriya. A 2018 manyan bankunan ƙasashen suka ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuan biliyan 15, aka kuma sabunta ta a Disambar 2024, don 'yan kasuwa su daina bi ta dala. Amma ta banki da takardun shigo da kaya na hukuma ake cin moriyarta, yayin da ƙaramin ɗan kasuwa ya fi sanin hanyar Wapa. An ƙaddamar da tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023, da alƙawarin kwantena za ta riƙa isowa Kano kai-tsaye.

Waɗannan su ne abubuwan da matasa za su riƙa tambayar wakilansu a kai: nawa ne daga kuɗin musayar ya kai hannun ƙananan 'yan kasuwa, kwantena nawa ke sauka a Zawaciki, kuma me ake yi don masaƙun Sharaɗa da Bompai da Challawa su sake tashi. Wanda ya je Gwanzu zai ga hanyoyi da wuta da tashar ruwa da masana'anta suna aiki tare. Ya kamata ya dawo da wannan a ransa, tare da katan-katan ɗinsa.