Rijiya ta bayar, wa ke da guga?

Ba a yi wa mutumin Adar bayanin wahalar ruwa. Daga Buza zuwa Keita ƙasa ce ta dutse da faƙo, kuma a wasu garuruwan zurfin rijiya ya kai sai an ɗaura igiya a jikin jaki ko raƙumi, yaro ya kora shi ya yi nisa, sannan wasaki ya leƙo baki. Rijiyar ta gari ce, ba mai hana ka zuwa. Amma je ka hannu rabbana ka gani. Za ka leƙa, ka hango ruwa yana ƙyalli can ƙasa, sai ka koma gida da ƙishinka, ko ka tsaya jiran mai guga ya gama ya ara maka, in ya ga dama.

Bayanan gwamnati da aka zuba a intanet haka suke ga mutumin Tabotaki, gari a wannan yanki. An gina rijiyar, wannan kam ba gardama. Tun ranar 23 ga Fabrairun 2011 Nijar take da doka mai lamba 2011-22, wadda ta ba ɗan ƙasa 'yancin neman bayanan hukuma da takardun mulki. A 2017 aka kafa hukumar ANSI don ta ja ragamar aikin gwamnati ta hanyar na'ura, a 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don kai sadarwar zamani ƙauyuka. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, tana sa alƙalumanta a shafinta. Jaridar Le Sahel tana buga sakamakon taron majalisar ministoci. RECA, haɗakar majalisun manoma, ta tara takardu masu yawa kan iri da taki da maganin ƙwari da noman albasa. Ruwa kam akwai shi, mai daɗi ma.

To, da me za a ɗebo? Sai da salula mai shafawa, sai da cajin batir, sai da kuɗin kati, sai layi ya yarda ya kama. In duk an haɗa waɗannan, saura babbar igiya: Faransanci. Ba ma Faransancin gaisuwa ba, na lauyoyi, wanda ɗan kwaleji kansa sai ya karanta sau biyu ya sosa ƙeya.

Ɗauki maganar gona, wadda ita ce ke raba zumunci a karkara. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 da dokokin da suka biyo bayanta sun tanadi kwamitocin filaye, daga na ƙauye zuwa na ƙaramar hukuma zuwa na gunduma, waɗanda ke ba da takardar shaidar sayen gona, ko gado, ko aro, ko jingina. Dattijo ya jinginar da gonarsa da baki, gaban shaidu biyu, ɗansa yana ci-rani a Abijan. Shekara goma ta wuce, shaidun sun rasu, ɗan ya dawo da kuɗin fansa, wanda ke riƙe da gonar ya ce shi saye ya yi. Rubutun da zai hana wannan rigima yana nan a intanet, kyauta. Ba wanda ya taɓa karanta wa dattijon shi da harshen da yake ji. Ko kuwa uwar da ba ta san cewa dokar 2019 ta ba da kwana 60 a yi rajistar haihuwa ba, sai ranar da malami ya ce yaro ba zai zauna jarrabawa ba sai da takarda, sannan a shiga neman hukuncin alƙali da kuɗin mota.

Inda guga ya yi ƙaranci, 'yan ga-ruwa ke cin kasuwa. Ban ga laifin saurayin da ya kafa kwamfuta da injin hoto a bakin tasha yana cike wa mutane takardu ba, sana'a ce, kuma yana rage zafi. Sai dai abin da doka ta ce naka ne kyauta ya koma na sayarwa, kuma ba ka da hanyar sanin ko daga rijiya ya ɗebo maka ko daga kududdufi. Sanarwar ɗaukar aiki ta ƙarya mai tambarin ma'aikata tana yawo a WhatsApp, a tura wa wannan, a tura wa wancan, har wani ya sayar da akuya ya biya kuɗin rajistar da babu ita.

Nan ne aikin ɗakin karatu yake. A Amurka akwai ɗakunan karatu fiye da 1,000 da gwamnati ke ba takardunta kyauta, bisa sharaɗi ɗaya: duk wanda ya shigo a bar shi ya duba ba tare da ya biya ba. Da takardun suka koma intanet, sharaɗin bai tashi ba, sai ɗakunan suka zama wurin da marar kwamfuta ke zuwa a taimaka masa. Mu ma ba baƙin abin ba ne. Nijar na cikin ƙasashen da suka sami ɗakunan karatun karkara na CLAC, tsarin da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fara a 1986. Mun fita daga ƙungiyar a 2025, amma buƙatar ba ta bi ta ba.

Abin da garuruwa irin Tabotaki ke buƙata bai kai ginin bene ba. Ɗaki ɗaya a ma'aikatar magajin gari ko a kwaleji, faranti mai ɗaukar hasken rana, kwamfuta, injin buga takarda. Sai mutum. A ganina mutumin ya fi kayan duka muhimmanci, domin mun sha ganin kwamfutocin agaji an lulluɓe su da zane, ƙura ta cinye su, makulli yana aljihun wanda ya yi tafiya. Ana son wanda zai zauna ranar kasuwa, ya saurari mai tambaya, ya san shafin da za a buɗe, ya karanta, ya mayar da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci, ya buga takardar a tafi da ita gida. In layi ya ɗauke, dokokin da aka fi nema suna ajiye a cikin na'ura, wasu kuma a manne a bango.

Wani abu yana ci mini tuwo a ƙwarya game da Keita. Daga 1984, da tallafin Italiya da hukumar FAO, matan wannan yanki suka ɗauki duwatsu a ka, suka yi shinge a kan faƙo, suka dasa itatuwa har ƙasa ta farfaɗo. An rubuta rahotanni a kan aikin, masana a Turai suna karantawa suna samun digiri. Jikokin matan nan fa, a ina za su je su ga abin da aka rubuta game da guminsu?

Masu rijiyar su ma da nasu aikin. Shafin ma'aikatar da labarinsa na ƙarshe ya shekara biyu rijiya ce da ba a yashe ba, ko ka zura guga laka za ka kwaso. Sannan tun Maris ɗin 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In haka ne, dokar filaye da ta rajistar haihuwa su ya kamata a fara fassarawa, a rubuce da kuma a murya, don wanda bai yi boko ba ya saurara a salularsa ko a rediyon gari.

Kantomomin Buza da Keita da Madawa, in kun zauna tsara kasafin baɗi, ku ware ɗaki ɗaya da albashin mutum ɗaya, ku sa a yi shela a kasuwa da masallaci cewa duba takardar gwamnati a wurin kyauta ne.