Kaktus na ci: wurinsa jigawa, ba Libreville ba

Kai ɗan kasuwar Mont-Bouët a Libreville, in kana neman shawarar da za ka kai wa 'yan'uwa makiyaya a Maraɗi ko Katsina, to ga ta: kaktus mai faffaɗan ganye, wanda Faransawa ke kira figuier de Barbarie. Asalinsa Meksiko. Mutane na cin 'ya'yansa da ɗanyen ganyensa. A arewa maso gabashin Brazil kuwa da shi ake riƙe shanu lokacin fari, don kusan kashi 90 cikin 100 na ganyen ruwa ne.

Ruwan saman Libreville ya yi masa yawa, saiwar ruɓewa take yi, sai dai a tukunya mai yashi don ado. Jigawar gida ita ce tasa. A yanki ganye, a bar shi mako guda a inuwa bakin yankan ya bushe, sannan a binne rabinsa.

Amma fa hattara. A babbake ƙayar, a haɗa da harawa ko dusa, in ba haka ba dabba ta yi zawo. Kada kuma a rikita shi da ƙyarana ko tinya: farin ruwansu mai kama da madara guba ne.