Firinta Ta Gida Da Yadin Auduga: Tawada Ce Mai Yanke Hukunci

Firintar da ake buga takardun makaranta da ita, irin mai fesa tawada, za ta iya buga zane a kan yadin auduga. Masu ɗinkin bargon faci-faci a Amurka sun daɗe suna buga hotunan iyali da sunayensu a kan ƙyalle da ita. Na'urar ba ta san bambancin takarda da yadi ba. Abin da take nema kawai shi ne abu mai ɗan tauri da za ta iya ja. Shi ya sa ake wanke farin yadin don sitacin kamfani ya fita, a goge shi sumul, a manna shi a kan takardar naɗe nama mai santsin roba a gefe ɗaya, wadda zafin dutsen guga ke liƙawa, ko a kan takardar sitika. Sai a yanke shi daidai girman A4, wato santimita 21 da 29.7, a tsince duk zaren da ya fito a baki, domin zare ɗaya ya isa ya maƙale a ciki ya ɓata aikin.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda ake faɗuwa shi ne wurin wanki, kuma a nan tawada ce ke magana, ba tsadar na'ura ba. Tawadar firinta iri biyu ce. Akwai mai narkewa a ruwa kamar rini, launinta ya fi haske da ɗaukar ido, amma ba ta da abin da zai ɗaure ta da zaren auduga, don haka wankin farko sai ta zuba. Akwai kuma mai ƙananan ƙwayoyin launi da ba sa narkewa, irin DURABrite ta kamfanin Epson, wadda ke zama a kan zaren ta jure ruwa. Firintoci da yawa na Canon da HP suna haɗa biyun, baƙi mai ƙwayoyi, sauran launuka masu narkewa, shi ya sa wani zai wanke ƙyallensa ya tarar rubutun baƙi na nan daram, furannin kuwa sun ɓace. Mai tawada mai narkewa sai ya fara jiƙa yadin a ruwan magani irin Bubble Jet Set, ya shanya, kafin bugu. Kowace iri ce, a bar ta ta kwana ta bushe, a goge ba tururi, a wanke da ruwan sanyi.

Wani zai ce ai takardar da ake bugawa a manna wa riga da guga ta fi sauƙi. Haka ne, sai dai tana barin fatar roba a kan yadi, mai tauri, wadda kan tsage bayan wanki da yawa, alhali bugu kai tsaye yana barin auduga da laushinta. Ita kuwa tawadar da zafi ke mayarwa hayaƙi, wadda ake buga rigunan ƙwallo da ita, yadin roba take kamawa, ba auduga ba.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na girma. Turmin atamfa yadi shida ne, firintar gida kuwa ba ta wuce shafi, kuma ba ta da farar tawada, saboda haka baƙin yadi ba nata ba ne. Mai neman ankon biki ya nufi kasuwar Kantin Kwari. Amma telan da ke son tambarin sunansa a wuyan riga, ko mai zane da ke son nuna wa mai saye samfurin launi a kan ainihin yadi kafin ya kashe kuɗi a babban injin, shafi ɗaya ya ishe shi, muddin ya fara gwada ɗan ƙyalle a ruwan sabulu.