Yawon Shan Iska Da Iyali A Bakin Ruwa

Ga hutu ya matso, kowa ya fara ɗaure akwatinsa. Na sani da yawa daga cikinmu in sun koma gida, ƙannensu da 'ya'yan yayyensu za su dame su, su ce sai Malam ya kai su yawo. Saboda haka na ga ya kamata in ɗan faɗi abin da na sani game da kai iyali bakin ruwa, gama ni mutumin ƙasar Bunkure ne, a gefen ruwa na girma.

Wani abokinmu da ya taɓa zama a Ikko ya ba ni labarin yadda mutanen can su kan yi. Ya ce a bakin teku akwai waɗansu dogayen tsibirai na rairayi, teku a gabansu, tabki a bayansu, kamar Gberefu da ke daura da Badagiri, wanda a kan ƙetara masa da kwalekwale. Ruwan teku ya kan cika ya janye sau biyu kowace rana, don haka mai hankali ba ya fita da yara sai ya tambayi masunta lokacin cikarsa da janyewarsa. Mu nan ba mu da teku, amma ruwanmu ma yana da nasa lokaci da nasa hali, wanda ya san su kafin ya fito shi ke komawa gida da murna.

Bari mu fara da asalin ruwan. A zamanin Gwamna Audu Bako aka datse kogin Kano a Tiga, kamar mil 45 kudu da birni, aka gama aikin a 1974. Daga nan ruwa ke gangarowa da kansa, ba inji, ta babbar hanyar da manoma ke kira kanal, ya bi ta Ruwan Kanya, sa'an nan ya rabu biyu, reshen gabas da na yamma, ya watsu cikin gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke lura da shi. Abin da zan so a riƙe shi ne, ruwan nan ƙofofi gare shi, mutane ke buɗewa su rufe. Wurin da ka gani da safe ruwa iyakar idon sawu, in an buɗe ƙofa kafin azahar ya iya shanye yaro.

To, wane lokaci ya fi? Ni dai ina ganin hutun Disamba ya fi na damina. A watan Agusta dam ya kan cika, hanyoyin gona su yi taɓo, ga tsawa, ga sauro. Manya ba su manta ba cewa a watan Agusta na 1988 ne dam ɗin Bagauda ya ɓalle. Amma da hunturu sararin sama garau yake in ba hazo, alkama ta yi kore shar, tumatir da albasa sun kankama, alhali sauran ƙasa duk ta bushe. Sai dai a sa wa yara rigunan sanyi, a tashi da hantsi, a juyo bayan la'asar, don kada magariba ta riske ku a hanya.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu ko uku kafin ranar, maigida ko babban ɗa ya je shi kaɗai ya dubo wurin. Ya gai da mai unguwa, ya nemi izinin mai gona, ya tambayi mai tsaron ƙofar ruwa ranar da za a saki ruwa, ya kuma zaɓi inuwar mangwaro ko ta darbejiya wadda ke nesa da gaɓa, yadda ko yaro ya sheƙa a guje za a cim masa kafin ya kai. Na taɓa yin sakaci da wannan. Na kwashi ƙannena huɗu ba shiri, muka isa rana tsaka, ba inuwa, ruwan shanmu ya ƙare, ƙaramin ya yi ta kuka har muka juyo ba mu ga kome ba. Tun daga ran nan ban sake ba.

Guzuri ba ya bukatar tsada. Tabarma biyu, gurasa da ƙuli-ƙuli ko dambu, buta, da ruwan sha daga gida mai isa, gama ruwan kanal ba na sha ba ne, yana ɗauke da dauɗa da ragowar taki da maganin feshi. A haɗa da doguwar igiya da jarka wadda ba kome ciki, an ɗaure murfinta tam. Amfaninsu na nan tafe.

Abin yi kuwa ba ya ƙarewa, musamman ga wanda ke koyon aikin malanta. A nuna wa yara yadda manomi ke cika lanƙwasasshen tiyo da ruwa, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya ɗora shi bisa kunya, sai ruwa ya yi ta haurowa daga hanya zuwa gona shi kaɗai. Wannan darasi ne na nauyin iska wanda allo ba zai koyar da shi haka ba. A sa su ƙidaya tsuntsaye, balbela da zalɓe da kirinjijiya, kowa ya faɗi kamannin wanda ya gani. A je wurin masunta a ga bambancin karfasa da tarwaɗa. In lokacin tumatir ne, a biya ta kasuwar Kwanar Gafan a ga kwanduna jibge ana loda su zuwa Kudu. Bayan an ci abinci maza su yi langa, mata su yi carafke, tsofaffi su haƙa gurbin dara a ƙasa. Amma a ja wa yara kunne kada su taka shuka, kada kuma su ɗauki kwalbar maganin feshi da aka yar.

Saura abu uku waɗanda su ne ainihin dalilin wannan rubutu. Na fari, wanka a kanal. Inda aka shafe bangonsa da siminti gansakuka ta kan kama shi, ya yi santsi, ga gangara, ga ƙarfin ruwa, wanda ya faɗa ko ya iya iyo ba ya samun abin kamawa. In tsautsayi ya auku, kada wanda bai iya ruwa ba ya bi shi ciki, sai a jefa masa jarkar nan ko igiya, a yi kururuwa. Kowane ƙaramin yaro kuma a damƙa shi ga babba guda da sunansa, domin in an ce kowa ya lura, ba wanda zai lura.

Na biyu, tsargiya, watau fitsarin jini. Waɗansu suna tsammani alamar balaga ce ga yaro namiji, alhali cuta ce. Wani likita Bajamushe mai suna Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Tana girma cikin ƙananan dodon-koɗi da ke ruwa mai kwanciya, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ba tare da ya ji ba, kuma ta fi yawa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke son shiga. Akwai maganinta a asibiti, wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa kada ya tsaya jiƙe-jiƙe.

Na uku, kwalekwale. Ba wanda zai manta da abin da ya faru a dam ɗin Watari, ƙasar Bagwai, ran 30 ga Nuwamba 2021, sa'ad da jirgin da ya yi lodi fiye da kima ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya. Idan za ku shiga jirgi a Tiga, ku ƙidaya mutane da kanku, ku nemi rigar da ke hana nutsewa, kada ku shiga da iska ko da duhu. In mai jirgi ya ce a ƙara mutum ɗaya ba kome, ku sauka ku jira wani sawu.

'Yan'uwa, gobe mu za a damƙa wa 'ya'yan mutane aji guda. Wanda ya iya fita da yara biyar na gidansu ya komo da su lafiya, sun ga sabon abu, sun koyi wani abu, to, ya fara koyon aikinsa ke nan. Allah ya kai mu hutu lafiya, ya komo da mu lafiya. Haza wasalam.